Ba Ta Ji

Litinin, 6 ga Yuni 1977, bayan la'asar

Yau Alhaji Ɗanmaliki, maigidanmu a ofishin ilimi, ya kira ni ya ɗora mini aikin da kowa ya zille wa. Tun da aka buɗe shirin ilimi kyauta bara, yara suka yi mana ambaliya, malamai kuwa ba su isa ba. Shi ne aka ce rabin aji ya zama almubazzaranci. Rabin aji shi ne inda muke ajiye ƙananan da ba su isa shiga aji ɗaya ba. Da yake ba mu da takardar haihuwa, awon namu guda ne: yaro ya ɗora hannun dama bisa kansa ya kamo kunnen hagu. In ya kai, aji ɗaya. In bai kai ba, rabin aji.

Na Tafashiya da na Fakuwa an riga an naɗe tabarmarsu. Saura biyu, na nan Kankiya da ake ce wa Sabon Gini, da na Kusada da ake ce wa Bayan Kasuwa. Ɗaya za a bari, ɗaya a rufe a tura malamarsa aji ɗaya. Ni Rufa'i, malami mai zagaya, ni zan je in duba su in kwatanta, in zo in gaya wa kwamiti kafin hutu.

Na ce, "Ranka shi daɗe, wanga ai ko makaho ya san amsa."

Ya ce, "To tahi ka gano ma makahon."

Na dawo gida. Yarinyarmu ba ta tare ni ba. A da tun ina kwanar tasha take gane kukan babur ɗina, kafin in kashe shi tana bakin zaure tana tsalle. Girma ne, ina tsammani.

Talata, 7 ga Yuni, da azahar

Na fara da Sabon Gini, tunda ga shi a bakin hancina, kuma nan yarinyar take. Ɗiyar fari ce, ba na kiran sunanta, uwarta ma haka. Ni ɗan boko ne, na ji, amma ban ga bokon da zai sa in buɗe baki in kira ɗiyar fari da suna a gaban mutane ba. "Ke" ta wadatar da mu shekara biyar.

Gaskiya Sabon Gini abin nunawa baƙo ne. Rufin kwano, daɓen siminti, tagogi masu gilashi, benci kowane yaro da wurinsa. Malama Ma'u ta fito daga kwalejin horon malamai shekara biyu da suka wuce, kuma ta san aikinta. Ana duba farce da safe. Yara na ƙirga har hamsin ba gargada, suna karanta baƙi daga allo, suna miƙewa su gaida baƙo da murya ɗaya har na ji kaina ya yi girma. An rataye tsohon ƙarfen ƙafar mota a bishiya, shi ne ƙararrawa, ana buga shi kowa ya ruga aji.

Da zan fita Malama Ma'u ta biyo ni bakin ƙofa ta rage murya. Ta ce, "Malam, kada ka ga na yi maka kai ƙara. Sakinarku ba ta ji. A yi magana ta yi biris, a buga ƙararrawa tana can tana wasan ƙasa. Da ba haka take ba."

Na yi dariya na ce gado ne, kawunta Audi ma haka ya yi fama da mutane. Ta ce ba komai, jiki ya fi kunne ji, za ta gyaru. Na ce Allah ya taimaka. Da bakina na ce haka.

Laraba, 8 ga Yuni, da magariba

Ba ta tare ni ba.

Alhamis, 9 ga Yuni, bayan la'asar

Kusada. Hanya ta fara caɓewa, na isa wandona kamar na taka gini.

Rabin ajin Bayan Kasuwa tsohuwar rumfar awon auduga ce. Rabin rufin ya tafi da iskar bara, sauran rabin na jiran ta bana. Ba benci, yara na zaune a ƙasa, wasu bisa buhu. Allon kuwa tsohon ƙyaure ne aka shafe da gawayin batir. Na tarar da yara, na tarar da awaki biyu, ban tarar da malama ba. Sai da hantsi ya dubi ludayi Adda Iyatu ta iso, da goro a kumatu da saƙar hula a hannu, tana ce mini, "Lale da manyan ofis! Da ka aiko da na share maka wuri."

Adda Iyatu ba ta da takardar koyarwa. Ta yi firamare tun zamanin En'e, ta yi aure, mijin ya rasu, aka ɗauke ta bara da ake neman duk wanda ya iya riƙe alli. Muryarta ana jin ta daga cikin kasuwa. Na sa yara su ƙirga, suka kai goma sha ɗaya suka tsaya suna kallona kamar ni na ɓoye sauran. Baƙi kuwa a, ba, ca, shi ke nan, sai tafi da waƙa da tsalle. Har tatsuniya take yi musu da rana tsaka. Na ce, "Adda, ba ki tsoron su ɓace a kasuwa?" Ta ce, "Wa ya taɓa ɓacewa a kasuwar Kusada? Rumfa nawa ce?"

In kwatanci ne, an gama. Na biya na durƙusa na gaida Inno, mahaifiyar matata Rahamatu, daga bakin ƙofa. Ta tambayi jikin yarinyar. Na ce ta warke sarai tun kafin ruwan farko. Ta ce, "To." Ta ja wannan "to" ɗin har na ƙosa.

Asabar, 11 ga Yuni, da hantsi

Hannun Rahamatu ya yi santsi kwanan nan. Ina zaune ina gyaran fitila na ga ta saki faranti a ƙasa daidai bayan yarinyar, har kaji suka watse. Ta tsaya tana kallon ƙeyar yarinyar. Sai ta duƙa ta ɗauki farantin ta shige ɗaki, ta daɗe ba ta fito ba.

Na ce ta riƙa kula, faranti ba ya tsiro a gona.

Litinin, 13 ga Yuni, da magariba

Rahamatu ta jawo yarinyar ta tsayar da ita gabana, ta ɗage mata zane zuwa gwiwa. Shatin tsumagiya ne a ƙwauri, ba mai yawa ba, irin wanda ni ma na sha, na kuma ba wasu. An buga ƙarfe ne bayan hutun tara ba ta koma aji ba.

Na daka mata tsawa na ce me ya sa in an buga ƙararrawa ba ta tashi. Ta tsura wa bakina ido. Sai ta ce, da ƙarfi kamar tana kiran wani a gona, "Ba a buga ba!" Na ce ƙarya ma ta koya? Na ɗaga hannu. Rahamatu ta shiga tsakani, abin da ba ta taɓa yi ba a kan wannan yarinya, ita da ko kallonta ba ta cika yi ba in da mutane.

Ta ce, "Malam, a kai ta wurin Inno ta kwana biyu."

Na ce don me?

Ta ce, "Don ta sha iska."

Iskar Kankiya ta ƙare ke nan. Na ce to.

Talata, 14 ga Yuni, da azahar

Na kai ta. Na ɗora ta gaba bisa tanki, ta riƙe madubi. Duk hanya ina nuna mata abubuwa, ga masu shuka, ga raƙumi, ga belbela bisa saniya. Abin da na nuna da hannu ta yi masa dariya. Abin da na faɗa da baki kawai, shiru. Iska ce, babur na gudu, wa ke jin wani?

Inno ta ce ba za ta zauna da jika tana ƙirga mata furfura ba, gobe za ta tura ta rumfar Iyatu tare da yaran maƙwabta. Ɗiyar mai duba makarantu a rumfar auduga! Na haɗiye, surukai ba a musu da su.

Alhamis, 16 ga Yuni, bayan la'asar

Gidan ya yi faɗi. Ni da Rahamatu muna ta ladabi da juna kamar baƙi. Sannu da aiki, yauwa sannu. Ga abinci, an gode.

Juma'a, 17 ga Yuni, bayan an sauko masallaci

Na koma Sabon Gini da safe. Komai tsaf, har na rasa abin da zan kushe don kada a ce na yi son kai. Na ce tulun ruwan ba shi da marufi. Kafin in fita an rufe shi.

Malama Ma'u ta kawo mini ɗan allon yarinyar da ta bari, ta goge shi fes. Ta ce ranta bai so abin da ya faru ba, amma yara arba'in ne, in ta ƙyale ɗaya sauran za su bi. Ta ce, "Kafin ciwon nan ita ce ta ɗaya wurina, Malam. Tun da ta tashi ta sangarce. Halan kun shagwaɓa ta da tana kwance?" Na ce haka ne, uwarta ce. Na ji daɗin wannan bayani ƙwarai, na riƙe shi har gida kamar an ba ni tsaraba.

Matar nan ba muguwa ba ce. Ina so in rubuta wannan, don na san nan gaba zan so in ce muguwa ce.

Talata, 21 ga Yuni, da magariba

Ban san ta inda zan fara ba.

Na je Kusada zagaye na biyu. Adda Iyatu ta zo da wuri yau, wani ya tsegunta mata. Na zauna bisa turmi a baya. Na lura ta ajiye yarinyar gaba, dab da gwiwarta, kuma in za ta yi magana sai ta sunkuyo ta fuskance ta, tana wangale baki da jan goro kamar mai tsorata yara. In aka tashi waƙa sai ta buga ƙafa a ƙasa da ƙarfi. Yarinyar na kallon na kusa da ita, in sun tafa ta tafa, in sun tsuguna ta tsuguna, tana baya da su kaɗan. Tana dariya. Rabon da in ga haƙoranta tun bazara.

Da aka sake su hutun tara, hadari ya haɗo daga gabas. Kafin a ce me, aka saki wata tsawa da na ɗauka rumfar ce ta rabe. Ni kaina sai da na ce innalillahi na faɗo daga turmi. Yara suka kwashe da ihu suka ruga suka cukuikuye Adda, awaki suka yi waje.

Ita tana bakin rumfa ta ba mu baya, tana gina tukunya da laka. Ta lashi yatsa ta gyara bakin tukunyar.

Adda ta dube ni ta saman kawunan yara. Na dubi rufi.

Da ruwa ya tsagaita ta sallami yara ta zo ta tsaya kaina. Ta ce, "Malam Rufa'i, ɗiyarka ba ta ji."

Na ce, "An faɗa mani a Kankiya. Ƙiriniya ce, za ta bari."

Ta tofar da goro. Ta ce, "Ba wannan jin ba. Kai ma ka san wanda nike nufi. Tun kwana na biyu na gane, na kira ta ta baya har makogwarona ya bushe."

Na miƙe na ce ita likita ce? Na ce matar da yaranta ba su iya ƙirga goma sha biyu ba ita za ta koya mini ɗiyata? Na ce ta ji da rufinta da awakinta, ta kuma sani cewa ranar kwamiti na nan tafe. Na faɗi wasu maganganun ma da ba zan sa a nan ba.

Ta ce, "Ka rufe rumfa, ba ta ubana ba ce. In ka ƙi ji ba ka ƙi gani ba, kuma yau ka gani."

Ban biya gidan Inno ba. Na taho cikin yayyafi.

Laraba, 22 ga Yuni, da hantsi

Ban je ofis ba. Na ce kaina ke ciwo.

Alhamis, 23 ga Yuni, bayan la'asar

Mace mai cin goro a gaban yara. Mai zuwa aiki da hantsi. Mai saƙa a aji. Ba tsafta, ba tsari, ba ƙararrawa. Duk gaskiya ne, ba ƙazafi ko ɗaya.

Akwai yaran da barcinsu ma tsawa ba ta tashe su. Akwai masu zurfin wasa. Ni ma ina yaro an ce in na sa kai a abu ko ganga aka buga ba na ɗagowa.

Rahamatu ta tambaye ni yadda na baro ta. Na ce lafiya lau, har tukunya take ginawa.

Lahadi, 26 ga Yuni, da magariba

Mun je Kusada ni da Rahamatu. Yarinyar na tsakar gida tana wasa da 'yar tsana ta kara. Na kashe babur a ƙofar gida, na yi sallama, Inno ta amsa daga ɗaki, Rahamatu ta shiga, duk ba ta ɗago ba. Sai da inuwata ta faɗa kanta ta waiwayo ta daka tsalle ta rungume ƙafata.

Inno ta fito da ɗan kwalba. Ta ce tana ɗiga mata man shanu mai ɗumi a kunne safe da yamma, ta kuma karɓo rubutu wurin Modibbo na unguwarsu. Tana magana tana kallon bango, ba ni ba, kamar yadda ya kamata. Ta ce, "Sanƙarau in ya zo gida ba shi komawa hannu banza. Wasu ya ɗauki rai, wasu ya ɗauki ido. Mu gode ma Allah da abin da ya bar muna." Na ce dattin kunne ne, zai fita. Ta ce, "To."

Da za mu tafi yarinyar ta ja hannun rigata, na duƙa. Ta ce, da wannan babbar murya da ta koya, "Baba, mi ya sa kowa ke raɗa yanzu? Har babur ɗinka raɗa shike yi."

Rahamatu ta juya ta fita zaure da sauri.

Na ce wa yarinyar ta riƙa yi wa Inno aike. Ban san ko ta gane ba.

Litinin, 27 ga Yuni, da asuba

Raɗa.

Laraba, 29 ga Yuni, bayan la'asar

Jibi kwamiti. Ina ta juya abin kamar waina.

In na ce Sabon Gini ya fi, na faɗi gaskiya, an rufe rumfar da take dariya a ciki. In na ce Bayan Kasuwa ya fi, na yi ƙarya, na zalunci yara arba'in da malamar da ke zuwa kafin rana ta fito, kuma sai an tambaye ni dalili. Dalilin kuwa guda ne, kuma sai na faɗe shi da bakina gaban dattawa bakwai.

Wani lokaci kuma sai in ji ina so a rufe rumfar don kawai matar nan ta san ta taɓo ni. Allah ya shirye ni.

Juma'a, 1 ga Yuli, da azahar

An yi. Na tsaya na zayyana musu komai, rufi da benci da ƙirga da baƙi da tsafta. Ban ƙara ba, ban rage ba. Kowa na gyaɗa kai, dama sun san amsa, shaida kawai suke so.

Alhaji Ɗanmaliki ya ce, "To ita ta Kusada, ba ta da abin yabo ko ɗaya? Ko kare ma akan yabi haƙorinshi."

Na buɗe baki. Wallahi na buɗe baki, maganar ta zo har nan. Sai na ji na ce, "Akwai iska, ranka shi daɗe." Aka kwashe da dariya, har da ni.

An bar Sabon Gini. An rufe Bayan Kasuwa. Adda Iyatu za ta koma aji ɗaya a firamaren da ke kusa da rumfar in an dawo hutu. Ranar Alhamis za a auna yaranta, wanda hannunsa ya kai ya bi ta aji ɗaya, wanda bai kai ba ya zauna gida ko iyayensa su kawo shi Kankiya. Ni aka ce in je in tsaya a kan awon.

An yaba mini, an ce aiki ya yi kyau.

Asabar, 2 ga Yuli, da hantsi

Na gaya wa Rahamatu yadda aka yi. Tana tankaɗe, ba ta tsaya ba. Can ta ce, "Hannunta bai kai ba. Na gwada ta ran Lahadi. Saura kamar yatsa guda."

Na ce ai sai ta dawo Sabon Gini, can ne ma karatu yake.

Ta ajiye rariya. Ta ce, "Malam, ta dawo wurin ƙararrawa?"

Shekara shida muna tare ban taɓa ganin ta dube ni ido cikin ido haka ba. Ta ce, "Ni ban iya kiran sunanta, kai ba ka iya kiran sunanta. Wata uku muna ce mata ke, muna taɓa kafaɗarta ta waiwayo, muna cewa lafiya lau. Kunya ta rufa muna asiri, Malam, amma ita ba ta rufa mata ba."

Na tashi na fita duba babur, wanda ba abin da ya same shi.

Talata, 5 ga Yuli, da magariba

Wani mai kai kaya Kusada ya ce ya ga Inno da safe ta kama hannun jikarta tana ja kamar mai jan guga, yarinyar na ƙyalƙyala dariya. Ya ɗauka wasan kaka da jika ne, shi ya sa ya ba ni labari yana dariya. Na taya shi.

Alhamis, 7 ga Yuli, bayan la'asar

An jera su gaban firamare, ƙarƙashin darbejiya. Iyaye maza sun zo, 'yan kasuwa ma sun leƙo kallo. Hedimasta Malam Dawuda baƙo ne, watansa biyu da zuwa daga Daura, bai san ɗan kowa ba. Ni kuwa ina gefe da alƙalami a aljihu, na ɗaure fuska irin ta ofis. Ko kallon layin ban yi ba, balle wani ya ce ga tawa.

Yana bi ta bayansu ɗaya bayan ɗaya. Yaro ya ɗora hannu, ya duba, ya ce ya kai ko bai kai ba. Waɗanda suka kai su ruga wurin Adda Iyatu, tana tsaye da saƙarta, ko gaisuwata ba ta amsa da kyau ba.

Aka zo kanta. Ta ga yadda na gaba suka yi, ta ɗora hannu tun kafin a ce. Yatsun suka tsaya sama da kunnen kaɗan. Sai ta karkatar da kai, ta langaɓe wuya, tana ta miƙa, harshe waje. Duk yara na yin wannan wayon, akan ce su miƙe kai su miƙe.

Malam Dawuda ya ce daga bayanta, "Miƙe kanki." Shiru. Ya ce, "Ke, na ce miƙe kanki." Tana nan a karkace, idonta na kan Adda, tana murmushi. Ya ɗaga murya har 'yan kallo suka fara dariya. Ya fizgi tsumagiya daga hannun wani malami, ba don ya buga ba ina tsammani, don ya nuna. Ya ce, "Wai wannan ɗiyar wa ce? Ba ta ji ne?"

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ban san lokacin da na taka na isa wurin ba.

Na ce, "Ɗiyata ce. Ba ta ji."

Ya yi dariya ya ce, "Ai na gani, Malam, irinsu sai da..."

Na ce, "A'a. Ba ta ji. Tun sanƙarau na bazara. Ko tsawa ba ta ji."

Wani dattijo ya ce la'ilaha illallahu. Ban san wanne ya fi ba su mamaki ba, abin da na faɗa, ko ganin mutum ya tsaya cikin taro ya ce ɗiyar fari tasa ce.

Malam Dawuda ya saki tsumagiyar ta faɗi. Ya zagayo ta gabanta ya tsuguna, babban mutum da babbar riga cikin ƙasa mai laima. Ya dubi yatsun, ya dubi kunnen. Tsakaninsu kowa na ganin haske. Ya dube ni, tunda ni aka aiko in tsaya a kan gaskiyar awon. Na kau da kai.

Ya ce, "Ta kai."

Ba wanda ya yi musu. Ya nuna mata Adda da hannu, ta kwasa da gudu tana ihu, "Na kai! Na kai!" Adda ta cafe ta, ta dube ni, ta ce, "Aji ɗaya yara saba'in ne, Malam. Ban yi maka alkawarin karatu ba. Gaba dai zan aje ta." Na ce na gode. Na ce ta yafe mini maganganun ranar nan. Ta ce ta manta, amma kada in ƙara.

Alhamis ɗin dai, da magariba

Ranar Litinin za mu kai ta Katsina wurin likita. Rahamatu na sa rai. Ni ban sani ba.

Abu ɗaya ya rage ban rubuta ba. Da aka watse na bar babur a makaranta, muka taka zuwa gidan Inno ta hanyar bayan gari, tsakanin gonaki. Gero ya kai gwiwa. Tana gaba tana tsalle, hannu bisa kai har yanzu, tana ta gwada kamo kunnen. Na waiwaya, ba kowa a hanyar.

Na ce, "Sakina."

Ban taɓa faɗinsa ba tun ranar da liman ya raɗa mata shi. Ashe suna ne mai daɗi a baki. Na sake faɗa da ƙarfi, har wata mai ɗauke da itace can nesa ta waiwayo.

Shekara biyar tana da kunnen jinsa, ina ce mata ke.

Ba ta waiwayo ba. Na ɗaga ƙafa na cim mata, na zagaya ta gabanta na tsuguna, na sake faɗa a hankali don ta ga bakina.